Bido ɗaya na ruwa, kilo ɗaya na haidirojin: lissafin daga Damagaram

Akwai wani dattijo mai cajin batir a bayan kasuwar Dole wanda tun ina yaro nake kai masa batirin mahaifina. Rumfar tana nan yadda na santa, batura jere a ƙasa kamar tubali, wayoyi ja da baƙi sun sarƙe da juna, ga kwalbar ruwan batir rataye a jikin ƙusa. In ya ɗora batir a caji yakan kwance murafun nan shida ya ajiye gefe. Ka leƙa cikin ramukan, za ka ga ruwan yana tsatso 'yan ƙananan kumfa. Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a shiga rumfarsa da taba a baki. Wata rana na ce masa, "Baba, me ya haɗa taba da batir?" Ya ce, "Yaro, iskar da ke fita nan ba ka ganinta, amma ita da wuta ba sa ga maciji."

Sunan iskar nan haidirojin. Ruwa haɗin abu biyu ne, haidirojin da oksijin, kuma in lantarki ya ratsa shi sai ya raba su, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa ruwan batir yake raguwa har sai an yi masa ƙari. Abin da Baba yake kora daga rumfarsa don gudun gobara, shi ne yau gwamnatocin Jamus da Japan da Sin da Amurka suke zuba maƙudan kuɗi a kan bincikensa, kuma wani yanki na binciken nan ya biyo ta Yamai. Don haka ya kamata mu san abin da ake ciki, mu kuma yi namu lissafin tun kafin a yi mana.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki haidirojin kamar man Agadem, abin da za a haƙa a tarar. In ka cire wani abin mamaki da ya faru a Mali, wanda zan zo kansa, haidirojin ƙera ta ake yi. Matsayinta matsayin salka ne. Salka ba ta haifar da ruwa, ɗaukarsa take daga rijiya zuwa inda ake ƙishi, kuma kafin a isa ta tsiyaye wani abu a hanya. Don a samu kilo ɗaya ta hanyar tsaga ruwa, sai an kashe lantarki kilowat-awa 50 zuwa 55. Ƙarfin da ke cikin kilon nan kuwa kilowat-awa 33 ne, kwatankwacin lita uku da ɗan wani abu na gazuwal. In ka ce za ka sake mayar da ita lantarki, abin da zai dawo hannunka bai fi kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na abin da ka zuba ba, alhali batirin litiyom, irin wanda masu sola suke sayarwa yanzu, yana maido maka kusan kashi 90. Saboda haka duk wanda ya ce maka haidirojin ce za ta kunna fankar ɗakinka da daddare, ka ce masa batir ya riga ta.

To me ya sa ake rububinta? Saboda akwai ayyukan da batir ba ya iyawa. Ba a narka tama a fitar da ƙarfe da batir, ba a haɗa takin zamani da shi, jirgin ruwan da zai yi wata guda a teku ba zai ɗauki batirin da zai ishe shi ba. Kuma haidirojin ba baƙuwa ba ce a masana'antu. A 2023 duniya ta yi amfani da kusan tan miliyan 97, akasari a matatun mai, inda ake cire wa mai farar wuta da ita, da masana'antun taki. Sai dai kusan dukkanta daga iskar gas da kwal ake fitar da ita, kuma kowane kilo da aka samu daga gas yana sakin kusan kilo 10 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wadda aka samar ta hanya mai tsafta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Masu harkar sun raba mata launuka don sauƙin magana: ruwan toka ita ce ta gas, shuɗiya ita ce ta gas da aka kama hayaƙinta aka binne, koriya ita ce wadda aka tsaga daga ruwa da lantarkin rana ko iska. Duk surutun da ake yi a kan koriyar ne, kuma ciwonta ɗaya, tsada. Har yau kuɗinta ya ninka na ruwan toka sau biyu ko fiye.

Neman karya farashin nan shi ya tara ƙasashe wuri ɗaya, don babu wadda ta haɗa komai a gidanta. Wani nau'in na'urar tsaga ruwa ba ya aiki sai da wasu ƙarafa masu wuyar samu, filatinom da iridiyom, kuma mafi yawansu daga Afirka ta Kudu ake haƙo su. Fiye da rabin masana'antun ƙera na'urorin suna Sin. Masu kuɗin saye suna Turai da Japan da Koriya ta Kudu. Rana mai ƙarfi da fili mai faɗi kuwa suna wurare irin namu. Tun 2003 aka kafa wani zauren ƙasashe mai suna IPHE don a daidaita ma'auni da ƙa'idojin tsaro, saboda in za a yi ciniki dole a yarda da mudu ɗaya. A 2021 wani gungun ƙasashe ƙarƙashin Mission Innovation ya sa burin sauko da kilo zuwa dalar Amurka 2 kafin 2030, Amurka kuma a shekarar ta ce ita dala 1 take hari cikin shekara goma.

Wadda ta fi shafarmu ita ce Jamus. A watan Yunin 2020 ta fitar da tsarinta na haidirojin, ta ware yuro biliyan 9, biyu daga ciki don hulɗa da ƙasashen waje. Ba ta ɓoye dalili ba. Masana'antunta na ƙarfe da sinadarai suna da yawa, ranarta kaɗan ce, kuma da ta sabunta tsarin a 2023 ta ce kashi 50 zuwa 70 na abin da za ta buƙata a 2030 daga waje zai zo. Yaƙin Yukiren ya ƙara wa abin zafi, har Tarayyar Turai ta ce a 2022 tana son shigo da tan miliyan 10 kafin 2030.

Ta hanya biyu lamarin ya iso Nijar. Ta farko taswira ce. Cibiyar bincike ta Yulish a Jamus ta haɗa kai da WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma mai hedikwata a Akara, suka zana taswirar inda za a iya samar da koriyar haidirojin a yankin. A watan Mayun 2021 ministar bincike ta Jamus ta lokacin, Anja Karliczek, ta bayyana sakamakon farko: Afirka ta Yamma za ta iya samar da har terawat-awa 165,000 a shekara, wato ninki 110 na abin da Jamus take hasashen shigowa da shi a 2050. Don a ji nauyin adadin, duk lantarkin da duniya take samarwa a shekara bai wuce terawat-awa 30,000 da 'yan kai ba. Irin wannan adadi ana samunsa ne in an ɗauka cewa duk filin da ya dace za a shimfiɗe shi da farantan sola. Adadi ne na abin da rana za ta iya, ba na abin da aljihu zai iya ba.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, don mutane ta shafa. A 2021 aka buɗe karatun digiri na biyu kan makamashi da koriyar haidirojin, da kuɗin ma'aikatar bincike ta Jamus. Aka ɗauki ɗalibai 60 daga ƙasashe 15 na yankin, huɗu daga kowace ƙasa, kuma dukkansu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai suka fara. Daga nan aka rarraba su bisa fanni, wasu suka zauna Yamai kan lantarkin rana, wasu suka tafi Abijan da Dakar da Lome, sannan suka je Jamus, Yulish da Ahen, don aikin kammalawa. Rukunin farko ya fita a 2023.

Ba a banza aka zaɓi Yamai ba. Mutumin da jami'ar take ɗauke da sunansa, Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa ne, nan kusa da mu a kan hanyar Maraɗi. An haife shi a 1929, ya rasu a 1991. Masanin kimiyyar lissafi da zafi ne, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, a zamanin da akasarin duniya take ganin maganar sola wasan yara ce. A ofishin nan an ƙera tukwanen dafa ruwa da murhu da na'urar tace ruwa masu aiki da rana, a cikin Yamai, da hannun 'yan ƙasa. Abin lura a aikinsa shi ne daga ina tambayoyin suka fito. Daga madafa suka fito, daga asibitin da ke buƙatar ruwan zafi, daga macen da ke tafiyar rabin yini neman itace. Wannan ma'aunin nake so mu ɗora kowace yarjejeniyar bincike a kai: tambayar da ake neman amsarta, ta wane ce?

Mu zo ga lissafi, mu fara da wuta. Kilowat-awa 55 ɗin nan na kilo ɗaya zai juya fankar sama mai wat 60 sama da awa 900, wato wata guda da mako guda ba tsayawa. A ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da lantarki a gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin 2023 kusan kashi 70 na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, tamu ta nan gabas ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke ta a farkon watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ji a jikinsa, daga mai walda zuwa mai sayar da ƙanƙara, har zuwa farkon 2024 da aka janye takunkumi. Babbar tashar solar ƙasar, ta Goru Banda kusa da Yamai, megawat 30 ce, ta Malbaza megawat 7. In aka ɗauki duk abin da Goru Banda take samarwa a shekara aka juye shi cikin na'urar tsaga ruwa, bisa lissafina abin da zai fito bai fi tan 1,000 ba. Tsarin koriyar haidirojin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta amince da shi a 2023 yana harin tan 500,000 a shekara kafin 2030, da tan miliyan 10 kafin 2050. Matakin farkon kaɗai Goru Banda ɗari biyar ke nan.

Sai ruwa, wanda a Damagaram ba a yi wa kowa bayaninsa. Garin zaune yake a kan dutse, duwatsun nan da suka kewaye Birni ba ado kaɗai ba ne, su ne suka hana ƙasa riƙe ruwa. Shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa. A watan Afrilu na bana na fito da asuba na tarar da layin biduna rawaya ya miƙe daga bakin famfo har kwanar unguwarmu, kowa ya ajiye nasa ya ɗora dutse a kai alamar wuri. Wani mai garuwa yana zaune a kan kurarsa yana gyangyaɗi, ya ce tun ƙarfe biyu yake nan. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗana, in kana da mota ka je can gaba, nan sai hantsi."

A ilimin sinadarai, kilo ɗaya na haidirojin lita 9 na ruwa yake ci. Amma na'urar ba ta shan ruwan famfo, sai tatacce ƙal, irin ruwan batirin Baba, kuma tana buƙatar sanyaya. In an haɗa da abin da ake zubarwa wajen tacewa, ana kaiwa lita 20 zuwa 30. Mu ce bido ɗaya. A nan dole in yi adalci, don na sha jin ana cewa haidirojin za ta shanye mana ruwa, kuma maganar tana da gyara. Tan 1,000 a shekara bido miliyan ɗaya ne, ƙasa da bido 3,000 a rana, abin da rijiyar burtsatse guda mai kyau za ta iya bayarwa. Inda abin yake zama dodo shi ne in an ce tan miliyan ɗaya don fitarwa waje, wanda zai ci kusan mita kubik 70,000 kowace rana. Ƙasashen bakin teku suna da mafita, su cire wa ruwan teku gishiri, kuma kuɗin hakan kaɗan yake ƙarawa a kan kilo. Mu sai dai mu taɓa na ƙarƙashin ƙasa, wanda a arewa mafi yawansa tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, damina ba ta mayar da shi.

Abu na uku nisa ne. Haidirojin ita ce iska mafi sauƙi a halitta, don haka ɗaukarta jidali ne. Tana sulalewa ta kafar da gas ba zai bi ba, tana sa wasu ƙarafan bututu su yi gautsi. In za a mayar da ita ruwa-ruwa sai an sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri. Sai a watan Fabrairun 2022 jirgin ruwa na farko, Suiso Frontier na kamfanin Kawasaki, ya kai irin wannan kaya daga Ostareliya zuwa Kobe a Japan, shi ma gwaji ne. Damagaram kuwa tsakaninta da gaɓar teku mafi kusa kimanin kilomita 1,000 ne. Bututun ɗanyen manmu zuwa Seme a Benin kusan kilomita 2,000 ne, kuma mun ga yadda saɓanin siyasa ya riƙa tsayar da shi tun shekarar farko. Shi ya sa manyan ayyukan da ake ambata a Afirka duk a gaɓar teku suke: Aman da Nur a Muritaniya, Hyphen kusa da Ludariz a Namibiya, na Maroko da na Masar. Ko su ma akasari suna kan takarda. Cinikin da ya fi kama da gaske shi ne wanda kamfanin Fertiglobe ya ci a 2024 ƙarƙashin shirin H2Global na Jamus, na kai amoniya, sinadarin da ake haɗawa daga haidirojin, daga Masar zuwa Turai daga 2027, a kan kusan yuro 1,000 kowane tan, farashin da sai da gwamnati ta cike giɓi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kakanninmu sun noma gyaɗa an lode ta zuwa Kano ta bi jirgin ƙasa, man ya fito a Marsai. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ya haska biranen Faransa, garuruwan da ke gefen ramin suna kwana da fitilar hannu. A 2009 wasu manyan kamfanonin Turai suka ƙaddamar da Desertec, shirin yuro biliyan 400 na jan lantarkin Sahara zuwa Turai, kafin 2014 mafi yawansu sun zame. Saboda haka in mutumin nan ya ji an ce an zana taswirar ranarsa a wata ƙasa, ya ɗaga gira, yana da hujja. Ni dai ban ga laifin Jamus ba don ta nemi abin da zai amfane ta, kuma ta faɗa a fili. Laifin zai zama namu in muka zauna a teburin ba mu zo da tamu buƙatar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda yake mana yoyo, a ganina, taki ne. Takin yuriya da manomi yake saya a buhu asalinsa amoniya ce, amoniya kuwa haɗin haidirojin ne da naitirojin, iskar da ta cika kusan kashi 78 na abin da muke shaƙa. Tun 1913 ake wannan haɗin a masana'anta bisa hanyar da Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka gano. Yin sa da lantarki maimakon gas ma ba sabon abu ba ne a Afirka. Masar ta yi a Aswan tun wajen 1960 da wutar madatsar ruwa, Zimbabuwe ta yi a Kwekwe daga farkon shekarun 1970 har zuwa 2015 da wutar Kariba. Sabon abin da ake bincike a kai shi ne ƙanƙantar da masana'antar ta koma girman 'yan kwantena, ta yi aiki da sola. Jami'ar Minesota a Amurka ta gwada da lantarkin iska tun 2013, kuma a 2023 aka kafa wata ƙarama a wata gona a Kenya mai fitar da kusan tan ɗaya a rana.

Mu koma ga tan 1,000 ɗin nan. In za a loda shi zuwa Hambug, ɗigo ne a teku. In aka mayar da shi amoniya, zai ba da sama da tan 5,000, kuma naitirojin da ke ciki ya kai na buhun yuriya mai kilo 50 kusan 200,000. Ka tambayi mai lambu a Mirriya ko Gidimuni, ko mai rake a kwarin Matamai, me buhu 200,000 yake nufi. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin sa taki a duniya, nesa ƙwarai da kilo 50 a kowace hekta da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2006. Akwai ƙalubale, ba na musu. Yuriya tana buƙatar ƙarin iskar kabon kafin ta zama ƙwaya, amoniya zalla kuma guba ce mai ƙona ido da huhu, sai da horo ake taɓa ta. Sannan masana'antar Dangote a Legas, mai tan miliyan 3 a shekara tun 2022, tana yin nata da gas mai araha, zai yi wuya a kayar da ita a farashi. Amma mun ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake gani a 2023, mun kuma ga yadda farashin buhu ya haura a 2022. Takin da ke bayan ƙofar da wani yake riƙe da makullinta, araharsa ta rana ɗaya ce.

Muna ma da misali a gida na haɗin gwiwar da ta fara daga tambayar manomi. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, masana na ƙasashe daban-daban suka zauna kan matsalar wanda ba ya iya sayen buhu, suka fito da dabarar sa ɗan taki kaɗan, cikin murfin kwalba ko tsinken yatsu uku, a kowane rami lokacin shuka. Dabarar ta bazu har Mali da Burkina Faso, don an auna ta da aljihun mai gero.

Yanzu labarin Mali. A 1987 masu haƙar rijiya a ƙauyen Burakebugu, kimanin kilomita 60 daga Bamako, suka nutsa sama da mita 100 ba su tarar da ruwa ba, sai wata iska da ke busowa daga ramin. Wani ya matso da taba a bakinsa, wuta ta tashi ta ƙona shi. Dokar Baba ke nan, a wata ƙasa. Aka toshe ramin da siminti aka bar shi sama da shekara ashirin, sai a 2011 ɗan kasuwar Mali Aliyu Diyallo ya sa aka buɗe. Da aka auna, kusan kashi 98 haidirojin ce tsantsa. Daga 2012 aka haɗa ta da janareto ya ba ƙauyen wuta. Kafin nan yawancin masana ilimin ƙasa ba su yarda haidirojin tana taruwa a ƙarƙashin ƙasa da yawa haka ba. Rahoton da aka wallafa kan rijiyar a 2018 ya sa yanzu ana haƙa a Ostareliya da Amurka, ana bincike a Loren ta Faransa. Wannan karon ilimin daga ƙauyen Sahel ya tashi ya nufi arewa.

Masana sun ce iskar tana samuwa ne idan ruwa ya haɗu da duwatsu masu ƙarfe a can ƙasa, ko idan tururin ma'adinai irin yuraniyom ya tsaga ruwa a hankali cikin dubban shekaru. Ƙasar da take da duwatsun Ayar da na Damagaram da Muniyo, take kuma haɗe da Mali a shimfiɗar ƙasa, ta cancanci a bi ta da na'urar awo. Matakin farko ba shi da tsada: ana soka ƙarfe kamar mita ɗaya a ƙasa, a zura bututu, a karanta da na'urar da ake riƙewa a hannu. Aiki ne da ɗaliban ilimin ƙasa za su iya yi da babur.

Siyasa ta shiga tsakani, ba shakka. Bayan Yulin 2023 Jamus da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafin gwamnati zuwa gwamnati, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata a watan Janairun 2025. Tsarin haidirojin na CEDEAO ya zama na maƙwabta. Amma dangantakar malami da malami takan fi ta minista da minista tsawon rai, kuma masu neman abokan bincike ba Turawa kaɗai ba ne: Sin ce kan gaba wajen ƙera na'urorin, kuma kamfaninta CNPC ne yake da kashi 60 na matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut tun 2011, Indiya ce ta ba da kuɗin Malbaza, Maroko da Aljeriya suna da cibiyoyin bincike a yanayi mai kama da namu. Ko da wa za a zauna, sharuɗɗan da zan so a gani ba su da yawa. Na'urar gwaji a kafa ta nan, ta zauna nan bayan an gama. Alƙaluman da aka auna a ƙasarmu a ajiye kwafinsu a jami'o'inmu. Wanda aka horar ya dawo ya tarar da ɗakin gwaji da albashi, in ba haka ba mun yi wa Ahen renon ma'aikata. Kuma kada komai ya tsaya a Yamai, Jami'ar Andre Salifu tana nan, ta Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi.

Muna kuma da abin sawa a faifai, ba roƙo kawai za mu je ba. Kowane farantin sola ana rubuta ƙarfinsa ne bisa awon da aka yi a digiri 25. Duk digirin da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari, kuma a tsakar ranar Afrilu, lokacin da inuwa ma ta haura 40, jikin farantin yakan kai 65, kusan kashi 15 ya tafi ke nan. Ga ƙura. Kwarin Bodele a Chadi yana cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, kuma iskar hunturu ta kanmu take bi da ita. Duk lissafin farashin haidirojin a Sahel ya dogara ne kan nawa farantin zai bayar bayan kwana goma ba a goge shi ba, da lita nawa za a kashe wajen wanki, da yadda na'urar tsaga ruwa za ta jure wutar da ke hawa da sauka in hazo ya rufe rana. Tauraron ɗan Adam yana hango hasken da ke sauka, amma kaurin ƙurar da ta kwanta a kan gilashi sai wanda yake tsaye a wurin.

Wani ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyya ya ce mini, "Kawu, ai wannan sai da kayan aiki na miliyoyi." Na ce masa farantai biyu iri ɗaya ake buƙata a kan rufin soro, da na'urar awon lantarki irin ta masu gyaran rediyo, da ma'aunin zafi, da littafi. Ɗaya a goge shi kowace safiya, ɗaya a bar shi yadda Allah ya yi shi, a rubuta abin da kowanne ya bayar da ƙarfe tara, da azahar, da la'asar. A fara a watan Nuwamba in hazo ya sauko, kada a tsaya sai ruwan farko ya wanke na biyun.